Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Yadda Wayar Salula Ke Auna Ƙarfinta a Zangon Milimita



Shugaban wannan zama, shugaban sashen nazarin lantarki da sadarwa, malamaina da abokan aiki, manyan baƙi, ɗalibai maza da mata, barkanmu da warhaka. Ina godiya ga ƙungiyar ɗalibai da ta shirya wannan taro, ta kuma ga ya dace a ba ni dama in ce wani abu. Allah ya saka da alheri.

Batun da aka ɗora mini shi ne yadda wayar salula ke auna ƙarfin da take aika saƙo da shi zuwa turken sadarwa, musamman a sababbin zangunan 5G na can sama, waɗanda ake kira zangon milimita. Idan ana hirar 5G, yawanci a kan saurin sauke bidiyo ake tsayawa, wato abin da turke ke aiko wa waya. Ba a cika waiwayar ɗaya ɓangaren ba, alhali wayar ma watsawa take yi, kuma ita ce mai rauni a cikinsu. Abin da nake so mu fita da shi daga wannan ɗaki shi ne: ingancin sabis ya dogara ƙwarai ga yadda kowace waya ke tsayawa a kan ƙarfin da ya isa, ba ta gaza ba, ba ta zarce ba. Zan bi batun a matakai shida.

Na ɗaya: Me ya sa sai an auna?

Mu fara da awo. Turke yana da wutar lantarki ko janareta, yana watsawa da wat goma-goma, eriyarsa kuma tana can sama. Wayar da ke aljihunka kuwa, a tsarin 4G da mafi yawan 5G, iyakarta miliwat 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na wat guda. A tsarin 4G an wajabta mata ta iya sauka har zuwa miliwat 0.0001. Tsakanin sama da ƙasan nan akwai ninki kusan miliyan 2. Saboda girman wannan tazara ne injiniyoyi ke lissafi da desibel: ƙarin desibel 3 ninki biyu ne, 10 ninki goma, 20 ninki ɗari, 30 ninki dubu. Miliwat 200 ɗin nan shi ake rubutawa 23 dBm. Ku riƙe wannan lamba, za mu yi ta haɗuwa da ita.

Wani zai ce, to me zai hana waya ta riƙa amfani da iyakar ƙarfinta kullum, a huta? Ku ɗauka mai unguwa na zaune a zaurensa, mutum ashirin na kawo masa ƙorafi a lokaci guda. Wani yana dab da gwiwarsa, wani yana can bakin ƙofa. Idan kowa ya ɗaga murya iya wuyansa, na kusa kaɗai za a ji, na bakin ƙofa ya yi ta ɓaɓatu a banza, maƙwabta ma a hana su sakat. Maganin shi ne na kusa ya yi ƙasa da murya, na nesa ya ɗaga, duk su isa kunnen mai unguwa a kan mataki ɗaya.

Haka abin yake a rediyo, sai dai bambancin ya fi haka muni. Waya mai nisan mita 100 da turke da mai nisan kilomita ɗaya, idan suka watsa da ƙarfi ɗaya a fili fetal, ta kusa za ta fi ta nesa ninki 100 a kunnen turken. A cikin gari, inda gine-gine ke tarewa, bambancin yana iya kaiwa ninki 10,000. Dalili na farko ke nan, haƙƙin sauran masu amfani da layin. Na biyu batir ne, domin na'urar ƙara ƙarfin sigina tana cikin sassan da suka fi shan caji a waya. Na uku kuma jikin mai riƙe da wayar, wanda doka ta sa masa iyaka.

Na biyu: Daga ina aka faro?

Tsarin GSM, wanda ya shigo Najeriya a watan Agusta na 2001, ya raba wa wayoyi lokaci. Kowace waya tana da gurbi ɗaya cikin takwas, ta yi magana ta yi shiru. Ƙarfinta a zangon megahaz 900 yana kaiwa wat 2 a cikin gurbinta. Tunda wayoyin turke guda ba sa magana a kan juna, ba a matsa ba: waya takan kai rahoton awonta kusan duk rabin daƙiƙa, a ce mata ta hau ko ta sauka da matakin desibel 2.

Inda abin ya zama na a mutu ko a yi rai shi ne tsarin CDMA, wanda kamfanin Qualcomm na birnin San Diyego a Amurka ya nuna wa duniya a 1989, aka fara kasuwancinsa a Hon Kon a 1995. A nan dukkan wayoyi suna magana a zango ɗaya a lokaci ɗaya, lambar sirri ce kawai ke bambanta su. Waya guda ta zarce ƙarfi, ta danne kowa. Masana da dama sun ce ba zai yiwu ba saboda wannan matsala ta kusa da nesa. Yadda aka shawo kanta shi ne turke ya riƙa aika wa kowace waya umarnin ƙara ko rage har sau 800 a daƙiƙa guda. Da 3G ya zo da tsarin WCDMA, sai aka kai umarnin sau 1,500 a daƙiƙa. Ku yi tunanin wannan: kana gaisawa da mahaifiyarka a waya, kafin ka gama cewa "ina kwana" an gyara ƙarfin wayarka sama da sau dubu.

Sai 4G, wanda aka fara a biranen Stokhom da Oslo a Disambar 2009. Shi ya raba wa wayoyin turke guda ƙananan gurabe na zango da na lokaci, ba sa taka juna. Amma matsalar ba ta mutu ba, wuri ta sauya: yanzu wayar da ke gefen yankin turkenta, idan ta ɗaga ƙarfi, turken maƙwabta take damu. Lissafin da aka tsara wa 4G shi 5G ya gada, a kundi na 15 na ƙa'idojin ƙungiyar 3GPP da aka kammala a 2018.

Na uku: Lissafin da waya ke yi

Kafin waya ta aika komai, sai ta saurara. Turke yana watsa wata sigina ta awo, yana kuma sanar da ƙarfin da ya watsa ta da shi. Waya ta auna abin da ya iso mata, ta cire shi daga abin da aka aiko, saura shi ne asarar hanya. Turken ya riga ya faɗi matakin da yake so ya ji kowace waya a kai. Sai wayar ta haɗa biyun.

Ga misali na allo. A ce turke yana son jin waya a kan −95 dBm, asarar hanya kuma desibel 110 ce. Waya za ta watsa da 15 dBm, kimanin miliwat 32. Mai wayar ya shige ƙuryar ɗaki, asarar ta koma 125. Yanzu lissafi ya nemi 30 dBm, wat guda cur. Tana da shi? Ba ta da shi, iyakarta 23. Daga nan ne kake ganin sandunan sabis a fuskar waya, amma hoton da kake turawa ya ƙi tafiya. Kai kana jin turke, turke ne ba ya jinka sosai.

Akwai ƙari uku a kan wannan ginshiƙi. Na farko, faɗin zangon da aka ba wayar: in an ninka mata faɗi sau biyu, sai ta ƙara desibel 3 domin ƙarfin ya wadaci ko'ina. Na biyu, wata lamba da ake kira alfa, wadda kamfani ke zaɓa tsakanin sifili da ɗaya. Idan alfa ɗaya ce, waya tana cike asarar hanya baki ɗaya. Idan 0.8 ce, asara ta ƙaru da desibel 10, waya ta ƙara 8 kawai. Me ya sa za a rage wa na nesa da gangan? Domin shi ne ya fi kusa da turken maƙwabta, ihunsa can yake sauka. Zaɓin alfa hukunci ne tsakanin kyautata wa na gefe da ƙara yawan abin da yankin duka zai ɗauka, kuma injiniya ne ke yanke shi, irinku nan gaba kaɗan. Na uku, gyaran turke: bayan ya ji wayar, yana aiko mata ɗan umarni, rage desibel ɗaya, ko tsaya haka, ko ƙara ɗaya, ko ƙara uku.

Wayar ma ba ta ɓoye halin da take ciki. Lokaci-lokaci tana aika rahoton rarar ƙarfin da ya rage mata kafin ta kai iyaka. Idan rarar ta ƙare, turke ya rage mata faɗin zango, ya sauko da ita zuwa salon aika saƙo mai sauƙi, ta yi tafiyar hawainiya amma ta isa. Ko a sallamar farko, lokacin da waya ke neman shiga, da ƙarfin da ta ƙiyasta take farawa. In ba a amsa ba ta ƙara kaɗan, misali desibel 2, ta sake, har a ji ta.

Na huɗu: Me ke sauyawa a zangon milimita?

Nan ne zuciyar batunmu. Ƙa'idar 5G ta kasa zanguna gida biyu. Gida na farko ya tsaya a gigahaz 7.125. Na biyu ya fara daga 24.25 zuwa 52.6, daga baya kundi na 17 ya miƙa shi zuwa 71. A megahaz 900 tsawon igiyar rediyo kimanin santimita 33 ne. A gigahaz 28 bai wuce milimita 11 ba. Kwaɗayin hawa can sama kuwa fili ne, domin tasha guda tana iya kai faɗin megahaz 400.

Farashinsa fa? Eriya tana ƙanƙancewa tare da igiyarta, kuma ƙaramar eriya kaɗan take kamawa. Da eriya guda mai sauƙi a kowane ɓangare, gigahaz 28 ya fi megahaz 900 asara da kusan desibel 30, ninki dubu, a nisa iri ɗaya. Ga bango, ga ganyen bishiya, ga ruwan sama. A gigahaz 60 iskar oksijin kanta tana shanye kusan desibel 15 a kowace kilomita. An daɗe ana ganin wannan zango bai dace da wayar hannu ba, sai da Farfesa Theodore Rappaport da ɗalibansa suka yi awo a titunan birnin Niyok, suka wallafa a 2013 cewa zai yi aiki a tazarar kimanin mita 200. A Afrilun 2019 kamfanin Verizon ya buɗe shi ga wayoyin hannu a Shikago da Miniyafolis.

Dabarar ita ce, tunda eriyoyin ƙanana ne, a jera su da yawa, tazarar kusan milimita 5 tsakaninsu, a sarrafa su su tattara sigina a ziri guda mai fuskantar waje ɗaya. Turke yana ɗauke da ɗaruruwansu, yana iya zagaya yankinsa da zirin awo har 64. Waya kuma akan sa mata jeri biyu ko uku a gefuna daban-daban. Wanda ya taɓa ganin iPhone 12 ƙirar kasuwar Amurka zai lura da wata 'yar taga a gefenta, ta wannan eriya ce.

To ina wannan ya bar lissafinmu na ɗazu? Ya rikita shi ta fuska uku.

Fuska ta farko, asarar hanya ta daina zama lamba ɗaya. Kowane ziri da tasa: wanda ya miƙe kai tsaye daban, wanda ya bugi bangon bene ya dawo daban. Shi ya sa 5G ya ba waya damar riƙe awon hanya har huɗu a lokaci guda, kuma idan aka sauya mata ziri, lissafin ƙarfinta ya bi sabon. Wayar da ta koma ziri mai kyau da ƙarfin tsohon ziri mai rauni za ta yi ihu a banza. In akasin haka ne, ba za a ji ta ba.

Fuska ta biyu, saurin sauyi. Tafin hannunka ko jikinka yana iya tare desibel 20 ko fiye a wannan zango. Ka juya baya kawai, ko babbar mota ta gifta, ƙarfin da ke isa turke ya faɗi ninki ɗari. Umarnin ƙara uku-uku ba zai cike wannan rami da wuri ba, ko da yake gurbin lokaci a nan kashi ɗaya cikin takwas ne na milidaƙiƙa. Kuma ina waya za ta samo ƙarin desibel 20 idan da ma tana dab da iyakarta? Mafita ita ce ta koma jerin eriyar da hannu bai rufe ba, ko wani zirin, ko ta sauko zangon ƙasa. Wato a nan auna ƙarfi da zaɓen ziri aiki ɗaya ne.

Fuska ta uku, ma'anar ƙarfin kanta ta rabu biyu. Akwai jimillar abin da waya ta fitar ta kowace fuska, wanda aka tsayar a 23 dBm ɗin nan. Akwai kuma kaifin zirin, wato ƙarfin da eriya mai watsawa ko'ina za ta buƙata kafin ta yi daidai da shi. Ga wayar hannu a gigahaz 28, ƙa'ida ta ce kaifin zirinta mafi kyau kada ya gaza 22.4 dBm, kada kuma ya wuce 43. Akwatin intanet na gida da ake kafawa a bango, nesa da jikin mutane, an yarda masa ya kai 55.

Na biyar: Takunkumi uku

Ko lissafi ya ce waya ta ƙara ƙarfi, akwai abubuwa uku da ke iya hana ta.

Na farko jikin mutum. Igiyar milimita ba ta cikin hasken da ke karya ƙwayoyin halitta irin na hoton ƙashi a asibiti. Tasirinta da aka tabbatar shi ne ɗumama, kuma a gigahaz 30 kusan milimita ɗaya take shiga fata. A zangunan ƙasa ana auna abin da jiki ya sha: Amurka ta tsayar da wat 1.6 a kowane kilo, Turai wat 2. Sama da gigahaz 6 kuwa ana auna abin da ya sauka a kan fata, inda hukumar FCC ta Amurka ta sa miliwat ɗaya a kowane murabba'in santimita. Da yake zirin a tattare yake, yatsa guda a kan eriya ya isa ya sa waya ta ja baya. Ko ta rage ƙarfi, ko ta rage yawan lokacin da take watsawa, ko ta sauya jeri. A farkon 5G turke ba ya sanin dalilin raunin da ya gani, har layi ya yanke. Kundi na 16 na 2020 ya ba waya hanyar gaya masa cewa saboda jikin mutum ta rage, domin ya nema mata wata hanya.

Na biyu zafi. Na'urar ƙara ƙarfi a wannan zango tana mayar da mafi yawan cajin da ta sha zuwa zafi. A bazarar 2019 'yan jaridar da suka gwada wayoyin farko a titunan Amurka sun ga suna komawa 4G idan rana ta take. Ku da kuka san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ba sai na yi muku dogon bayani ba.

Na uku maƙwabtan zango. Tsakanin gigahaz 23.6 da 24, taurarin ɗan'adam na hasashen yanayi suna sauraren wata sigina mai rauni ƙwarai da tururin ruwa ke fitarwa a sararin sama. Ba a iya matsar da ita, haka Allah ya halicce ta. Zangon 5G kuma ya fara a 24.25. Taron rediyo na duniya da aka yi a Sharm el-Shek ta Masar a 2019 ya ƙayyade yawan abin da zai iya tsiyaya daga turaku da wayoyi zuwa can, ya kuma ce daga Satumbar 2027 za a tsaurara iyakar da desibel 6. Na'urar ƙara ƙarfi kuwa, idan aka matse ta zuwa ƙarshenta, takan fantsama gefe. Don haka waya ke ja baya kaɗan a kusa da wannan iyaka. Hasashen damina da manominmu ke jira yana da haƙƙi a kan wannan lissafi.

Na shida: Ina ruwanmu?

Wani ɗalibi zai ce, Malam, ai 5G ɗinmu ba na milimita ba ne. Gaskiya ne. A gwanjon da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi a Disambar 2021, zangon gigahaz 3.5 MTN da Mafab suka saya, kowanne a kan dala miliyan 273.6. MTN ya fara aiki a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023. Ko Koriya ta Kudu, da duk ƙarfinta, ta ƙwace lasisin gigahaz 28 daga kamfanonin KT da LG Uplus a Disambar 2022, ta ƙwace na SK Telecom a Mayun 2023, saboda sun kasa kafa turaku 15,000 da aka shardanta wa kowannensu. Zangon da turkensa ke cin mita ɗari biyu yana da tsada, ya fi dacewa da filin wasa, tashar jirgi, babbar kasuwa da intanet na gida.

Amma darasin ya shafe mu tun yau. A gigahaz 3.5 ma, hanyar waya zuwa turke ce ke fara gazawa, shi ya sa aka yarda wa wasu wayoyi su kai miliwat 400 a wannan zango. Inda 5G ke jingine da 4G, waya tana raba ɗan ƙarfinta tsakanin su biyun. Ina da kira guda uku.

Ga injiniyoyin gobe: idan kuna tsara yankin turke, ku fara lissafi daga aljihun mai waya. Mai sayar da atamfa da ke tura wa abokan ciniki hotuna, da mai POS, da ɗalibin da ke tura aikin makaranta, duk aikawa suke yi. Ku kuma ɗauki na'urar awo ku fita. Bangon ƙasa, rufin kwano, ƙurar hunturu da zafin bazara namu ne, mu ya kamata mu auna yadda suke cin sigina mu rubuta wa duniya.

Ga al'umma: akwai unguwannin da ake ƙin kafa turke saboda tsoron lafiya. Ina girmama damuwar, amma ku duba lissafin da muka yi. Na'urar da ta fi kusa da kanka ita ce wayarka, kuma nisan turke ne ke sa ta watsa da iyakar ƙarfinta. Idan turke ya matso, waya ta sassauta, cajinta ya daɗe. Abin da ya kamata a nema shi ne a kafa shi bisa ƙa'ida, hukuma kuma ta riƙa aunawa tana bayyana wa jama'a sakamako.

Ga masu sayen na'urar ƙara sabis ta bayan fage su kafa a gida ko shago: yawancin irin waɗannan ba sa bin umarnin turke, suna ƙara ƙarfin hayaniya tare da sigina, su toshe kunnen turken ga unguwa baki ɗaya. NCC ta yi gargaɗi a kansu. Gyaran sabis ɗin gidanka bai halatta maka ɓata na maƙwabcinka ba.

Shugaba, jama'a, a nan zan dakata.  Allah ya sa abin da muka tattauna ya amfane mu. Mai tambaya, ko gyara, ko ƙarin bayani, fili nasa ne, bismillah.